Jagorar Haɗa Kulorayid na Bismut, Auna Halinsa da Zafi, da Gane Tsarin Kiristal Ɗinsa

Bismut ƙarfe ne mai nauyi wanda ke zaune a lamba ta 83 a jadawalin sinadarai, yana narkewa a digiri 271 na ma'aunin Salshiyos, kuma an daɗe ana rikita shi da dalma da kuza kafin Claude François Geoffroy na Faransa ya nuna a 1753 cewa ƙarfe ne mai zaman kansa. Idan ya haɗu da kulorin yakan ba da abubuwa iri-iri, amma uku ne suka fi shafar mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai BiCl₃, farin gishiri mai tsananin son ruwa, akwai BiOCl, farin gari mai sheƙi wanda ba ya narkewa a ruwa, sannan akwai Bi₆Cl₇, baƙin kiristal da ake samu idan ƙarfen ya narke a cikin gishirinsa. An rubuta wannan jagora domin ɗalibin jami'a ko mai bincike da ke da ɗakin gwaji mai akwatin zuƙe hayaƙi da malamin da ke duba aikinsa, ba aikin gida ba ne ta kowace fuska. Abin da ke yanke hukunci a kusan kowane mataki shi ne ruwa, ko na kwalba ko na cikin iska, saboda haka ya fi kyau a yi lissafinsa tun kafin a kunna wuta.

Mataki na 1: Tanadin kaya da wurin aiki

Ana bukatar garin Bi₂O₃ mai tsabta, wanda launinsa ruwan ɗorawa ne, da asid ɗin HCl mai ƙarfi na kashi 37 cikin ɗari, da tataccen ruwa, da bututun gilashi mai jure zafi, da famfon zuƙe iska, da akwatin safar hannu, wato rufaffen akwati mai busasshiyar iska da ake aiki a cikinsa ta safar hannu, ko aƙalla jakar aiki da aka cika da busasshen naitirojin. Duk kayan gilashin da za su taɓa busasshen BiCl₃ a gasa su a tanda a digiri 120 zuwa 150 na dare guda, a bar su su huce a cikin desiketa, wato rufaffen mazubi mai hana danshi, domin gilashin da ido ke gani a bushe yana riƙe da siririn ruwa a jikinsa wanda ya isa ya ɓata samfur. Tabarau da safar hannu da rigar aiki wajibi ne. Bismut ba shi da dafin dalma, amma BiCl₃ yana sakin asid da zarar ya taɓa danshin fata ko ido.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. BiCl₃ yana jiƙewa a iska kamar yadda gishiri ke yi da damina, sai dai nasa ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya komawa yadda yake idan ya bushe. Wanda ke aiki a ɗakin da ba shi da na'urar rage danshi zai fi samun sauƙi da hunturu fiye da tsakiyar watan Agusta.

Mataki na 2: Lissafin zafi kafin a taɓa komai

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar teburin alƙaluman zafi a matsayin abin da ake kwafa a rahoto bayan an gama aiki, alhali kuwa shi ne ke faɗa wa mutum yadda zai yi aikin. A digiri 25 da matsin iska na bar ɗaya, entalfin samuwar daskararren BiCl₃ (ΔH, zafin da ke shiga ko fita) shi ne −379.1 kilojul a kowane mol, makamashin Gibbs na samuwarsa (ΔG, wanda idan ya yi ƙasa da sifili haɗuwa na iya faruwa da kanta) −315.0, entirofinsa (S, ma'aunin warwatsuwa) kuma 177.0 jul a kowane mol a kowane kelbin. Na BiOCl kuwa −366.9 ne da −322.1 da 120.5 a jere.

Abu na farko shi ne a gwada ko alƙaluman sun yarda da juna. Entirofin ƙarfen bismut 56.7 ne, na iskar kulorin 223.1. A samuwar mol guda na BiCl₃ ana cinye mol guda na bismut da mol ɗaya da rabi na kulorin, don haka canjin entirofi shi ne 177.0 a debe 56.7 a debe 334.7, wato kusan −214 jul. Idan aka sa wannan a dokar ΔG = ΔH − TΔS a kelbin 298, za a samu kusan −315, daidai da abin da tebur ya ba da. Wannan ɗan gwaji ba ya ɗaukar minti biyar, kuma yakan kama kuskuren kwafi tun kafin ya shiga sauran lissafi.

Abu na biyu shi ne haɗuwar gishirin da ruwa, wadda ake rubutawa BiCl₃ + H₂O → BiOCl + 2HCl. A nan ne ake samun darasin da ya fi kowanne amfani, domin amsar ta dogara da halin da ruwan da asid ɗin suke ciki. Idan ruwan zuba ne kuma HCl ɗin ya narke a cikinsa, ana amfani da −237.1 na ruwa da −131.2 na narkakken HCl, sai makamashin Gibbs na haɗuwar ya fito kusan −32 kilojul, entalfinta kuma kusan −36. Ma'anarsa ita ce abin yana faruwa da kansa, yana ma ba da ɗan zafi, shi ya sa ɗigon ruwan BiCl₃ ke zama fari fat nan take idan ya faɗa cikin kofin ruwa. Amma idan ruwan tururi ne kuma HCl ɗin iska ce, alƙaluman da za a ɗauka su ne −228.6 da −95.3, sai amsar ta juya ta zama kusan +31 kilojul. Wato a yanayin ɗaki, muddin akwai isasshiyar iskar HCl a saman gishirin, tururin ruwa ba zai iya mayar da shi BiOCl ba. A buɗaɗɗiyar iska kuwa HCl ɗin da aka samar yana tserewa, ba ya taruwa balle ya tsayar da aikin, don haka gishirin ke ci gaba da lalacewa har ya ƙare.

Akwai ƙari a kan wannan. Entalfin haɗuwar da tururi +69 kilojul ne, canjin entirofinta kuma kusan +129 jul, saboda mol guda na iska yana haifar da mol biyu. Idan aka raba 69,400 da 128.5 za a samu kelbin 540, wato kusan digiri 267, zafin da ΔG ke komawa sifili, sama da shi kuma haɗuwar ke faruwa da kanta. Lissafin ƙiyasi ne tunda gishirin ya riga ya narke kafin a kai can, amma saƙonsa a bayyane yake: zafi yana taimakon ruwa, kuma duk wanda ya ɗora jiƙaƙƙen BiCl₃ a wuta mai ƙarfi a buɗe da niyyar busar da shi, BiOCl zai kwashe. Daga wannan lissafi ne dokokin matakan gaba suka fito, wato a yi aiki da rarar asid, a busar da sanyin wuta, kuma kada a bar saman samfur babu HCl ko busasshiyar iska.

Mataki na 3: Narkar da oksayid a asid

Haɗuwar ita ce Bi₂O₃ + 6HCl → 2BiCl₃ + 3H₂O. A auna giram 10.0 na Bi₂O₃, wanda nauyin mol ɗinsa giram 465.96 ne, wato mol 0.0215 ke nan. Lissafi ya nuna yana bukatar mol 0.129 na HCl, kimanin mililita 11 na asid mai ƙarfi, amma a zuba mililita 25 domin rarar ita ce kariya. A cikin akwatin zuƙe hayaƙi, a riƙa barbaɗa garin a cikin asid kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a zuba asid a kan tulin gari ba. Launin ɗorawa zai riƙa ɓacewa, kwalbar za ta ɗan yi ɗumi, kuma daga ƙarshe ruwan ya zama garau. Idan aka ga farin hazo yana yawo a ciki, alama ce asid ya yi ƙaranci a wurin, sai a ƙara 'yan ɗigo har ya washe. A irin wannan ruwa mai yawan kulorayid, bismut yana zaune ne a matsayin BiCl₄⁻ da BiCl₆³⁻ da makamantansu, kuma wannan ne ke hana shi kwantawa. Idan komai ya tafi daidai, iyakar abin da za a iya samu shi ne giram 13.5 na BiCl₃, tunda nauyin mol ɗinsa 315.34 ne.

Mataki na 4: Busarwa da tsarkakewa

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma a nan yawancin samfura ke lalacewa. A rage ruwan a kan wuta mai sanyi, ana ratsa busasshiyar iskar HCl ta samansa, har ya yi kauri ya fara daskarewa. Iskar da ke fita a bi da ita ta cikin kwalbar ruwan NaOH, da kwalba maras komai a tsakani domin kada ruwan ya tsotso baya. Abin da ya rage har yanzu yana ɗauke da ruwa a jikinsa. Hanyar da aka saba bi wajen cire shi ita ce a dafa shi da SOCl₂, wanda ke tafasa a kusan digiri 75, domin yana cinye ruwa ya mayar da shi iskar SO₂ da HCl, dukansu kuma suna fita su bar gishirin a bushe. Idan kumfa ta daina tashi, sai a janye ragowar SOCl₂ da famfo ta cikin tarko mai sanyi.

Tsarkakewa ta gaskiya ana yin ta ne ta hanyar tayar da gishirin ya zama tururi ya sake daskarewa a wani wuri. A cikin akwatin safar hannu a zuba shi a gindin dogon bututu, a zuƙe iskar, a sa gindin a murhun lantarki a kusan digiri 200, a bar sauran bututun a waje. Cikin sa'o'i kaɗan za a ga fararen kiristal masu ƙyalli suna taruwa a bangon gilashi daidai inda zafi ya yanke, yayin da BiOCl da sauran datti ke zaune a gindi kamar toka, domin su ba sa tashi a wannan zafi. A narkar da gilashin da wuta a like ɓangaren da kiristal suke, ko a kankare su a cikin akwati a zuba a kwalba mai matsattsen murfi. Idan ana son samfur domin auna zafi, a maimaita wannan sau biyu.

Akwai wata hanya da ba ta shigar da ruwa tun farko, wato 2Bi + 3Cl₂ → 2BiCl₃, inda ake ratsa busasshiyar iskar kulorin a kan ƙarfen da ake ɗumamawa a bututu. Narkakken abin yakan fara da duhu saboda ƙarfen da ya narke a cikinsa, ya washe idan kulorin ya wadata. Tana ba da samfur mai kyau, amma kulorin iska ce mai kisa, don haka ina ganin bai dace ɗalibi ya bi ta ba sai a ɗakin da aka tanada musamman domin irin wannan iska.

Mataki na 5: Tabbatar da abin da aka samu

Tsantsar BiCl₃ tana ɗauke da bismut kashi 66.3 cikin ɗari da kulorin kashi 33.7, BiOCl kuwa bismut ɗinsa kashi 80.2 ne, kulorin 13.6 kacal. Wannan tazara mai faɗi ita ce ke sa awo ya tona gurɓata cikin sauƙi. A narkar da samfurin da aka auna a asid ɗin naitirik, a auna bismut ta hanyar ɗiga ruwan EDTA, sinadari mai kama ƙarfe, a pH tsakanin 1 da 2 da alamar zailinol orenj, wadda ke juyawa daga ja zuwa ruwan ɗorawa idan an kai ƙarshe. Kulorin kuma a kwantar da shi da naitiret na azurfa: giram guda na tsantsar BiCl₃ zai ba da giram 1.363 na AgCl. Idan bismut ya haura, kulorin ya gaza, ruwa ya riga ya shiga. Idan ana zargin akwai antimoni a ciki, asid ɗin tatarik yana raba gardama, domin yana narkar da SbOCl amma ba ya narkar da BiOCl.

Mataki na 6: Yin BiOCl da gangan

Wannan ba ya bukatar wahala. A ɗauki ruwan mataki na 3 a riƙa ɗiga shi a cikin lita guda ta tataccen ruwa mai ɗumi ana juyawa, a tace farin garin, a wanke har ruwan wankin ya daina nuna asid, a busar a digiri 100. Giram 10.0 na oksayid zai ba da har giram 11.2. Ɗigawa a hankali cikin ruwa mai zafi tana ba da faffaɗan ɓawo mai sheƙi irin wanda masu yin hoda da jan farce ke amfani da shi da lambar CI 77163, zubawa gaba ɗaya kuwa tana ba da gari maras ƙyalli. A ajiye shi nesa da rana, domin hasken ultarabayolet yana sa shi yin toka-toka.

Mataki na 7: Auna hali da zafi

Kundayen alƙaluma suna sa narkewar BiCl₃ tsakanin digiri 227 da 234, tafasarsa kuma a wajen digiri 447. Domin auna narkewa da na'urar DSC, mai auna zafin da samfur ke sha ko saki yayin ɗumamawa, a fara daidaita ta da indiyom mai narkewa a 156.6 da kuza mai narkewa a 231.9, kuma kuzar ta dace ƙwarai tunda tana dab da inda ake nema. Kada a zuba gishirin a kaskon alminiyom na yau da kullum, domin alminiyom yana ƙwace kulorin daga bismut ya bar baƙin ƙarfe, sai na'urar ta nuna zafin wannan haɗuwa a maimakon na narkewa. A yi amfani da ƙaramar kwalbar gilashi da aka like ko kasko mai rufin zinariya, a cika shi a cikin akwatin safar hannu, a ɗaga zafi digiri 5 a minti. Tsantsar samfur tana ba da tsini guda siriri a zanen da na'urar ke fitarwa, gurɓatacce kuwa tsininsa yakan faɗaɗa ya fara tun da wuri, kuma faɗin da ke ƙarƙashin tsinin shi ne entalfin narkewa.

Entalfin samuwar BiCl₃ a halin tururi −265.7 ne, saboda haka tayar da mol guda daga daskararre zuwa tururi a digiri 25 yana cin kilojul 113.4. Ana iya gwada wannan ta auna matsin tururi a zafi daban-daban, a zana logarizim (ln) ɗin matsin a kan 1/T, gangaren layin kuma shi ne −ΔH/R, inda R yake tsayayyen adadin iskar gas. Da irin wannan awo ne Daniel Cubicciotti da abokan aikinsa a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Amurka suka yi nazarin gaurayen bismut da BiCl₃ tun ƙarshen shekarun 1950. Shi kuma BiOCl idan zafi ya wuce digiri 600 yakan fara sakin BiCl₃ ya koma abubuwa masu ƙarin oksijin irin su Bi₂₄O₃₁Cl₁₀, abin da ake gani a matsayin raguwar nauyi a na'urar auna nauyi da zafi.

Mataki na 8: Gane tsarin kiristal da hasken eksire

A niƙa samfurin a cikin akwatin safar hannu, a cusa shi a siririn bututun gilashi mai faɗin milimita 0.3, a like bakinsa. Bismut yana shanye eksire sosai, don haka ko dai a gauraya garin da niƙaƙƙen gilashi, ko a yi amfani da hasken molibdinom mai tsawon zango fikomita 71 a maimakon na tagulla mai 154.06, kuma dole a yi gyaran shanyewa a lissafi. Dokar Bragg, nλ = 2d sinθ, ita ce ke mayar da kusurwar kowane tsini zuwa tazarar da ke tsakanin shimfiɗun atom.

A fara da BiOCl domin ya fi sauƙin karantawa. Tsarinsa tetiragonal ne, rukunin P4/nmm, irin na ma'adinin matlokait PbFCl, gefensa a kusan fikomita 389, tsayinsa c kusan 735, da raka'a biyu na BiOCl a kowane ɗaki, wato ƙaramin akwatin da ke maimaituwa ya gina kiristal. Shimfiɗar bismut da oksijin ce ke tsakiya, kulorin a samanta da ƙasanta, kowane bismut yana da oksijin huɗu a gefe ɗaya da kulorin huɗu a ɗaya gefen. Tsakanin kulorin na wannan shimfiɗa da na mai bi mata riƙon ba shi da ƙarfi, shi ya sa kiristal ɗin ke ɓarewa falle-falle yana sheƙi. Da hasken tagulla za a ga tsinaye a 2θ kusan 12.0 da 25.9 da 32.5 da 33.5. Idan na 12.0 ya yi tsawo fiye da kima, ba wani sabon abu aka gano ba, fallayen ne suka kwanta a fuska ɗaya. Wannan tsini kuma shi ne ɗan leƙen asiri a samfurin BiCl₃: bayyanarsa tana nufin bututun bai liku da kyau ba.

Shi BiCl₃ a halin tururi ƙwaya ce mai siffar dala, bismut a ƙololuwa, tsawon riƙo fikomita 242, kusurwa digiri 97.5. A daskararre, kamar yadda Nyburg da Ozin da Szymański suka nuna a Toronto ta Kanada a 1971, tsarin otorombik ne mai gefuna kusan fikomita 764 da 917 da 629, da ƙwayoyi huɗu a ɗaki. Kowane bismut yana da kulorin uku na kusa a wajen fikomita 250, sannan wasu biyar na ƙwayoyin maƙwabta, biyu a 324, uku a matsakaicin 336. Wannan karkata ta samo asali ne daga elektaron biyu na 6s da bismut ba ya sakewa cikin sauƙi, suna tura maƙwabta nesa a ɓangare ɗaya, kuma rashin sakin su ne ya sa ba a samun BiCl₅. Raunin riƙon nan biyar shi ne dalilin da ya sa gishirin ke tashi ya zama tururi a digiri 200 a mataki na 4. Kafin a amince da sakamako a lissafa nauyin cunkoso: ƙwayoyi huɗu a wannan ɗaki suna ba da giram 4.75 a kowane santimita kubik, daidai da abin da awo ke bayarwa, na BiOCl kuma kusan 7.8.

Mataki na 9: Bi₆Cl₇, ga wanda hannunsa ya faɗa

An daɗe ana kiran baƙin abin da ke fitowa daga gaurayen bismut da BiCl₃ da sunan BiCl, har Hershaft da John Corbett na Ames a jihar Iowa suka warware tsarinsa a 1963. Sun gano cewa Bi₂₄Cl₂₈ ne, wato Bi₆Cl₇ sau huɗu: dunƙule biyu na Bi₉⁵⁺, inda atom tara na bismut ke riƙe da juna kai tsaye, da BiCl₅²⁻ huɗu, da Bi₂Cl₈²⁻ guda. Mai karatu ya ƙirga da kansa, bismut 18 da 4 da 2, kulorin 20 da 8, caji kuma +10 da −8 da −2. Domin yin sa, a zuba garin bismut da rarar tsarkakakken BiCl₃ a bututu mai kauri, a zuƙe iska a like, a ɗumama zuwa ɗan sama da digiri 300, sannan a sauke zafin a hankali cikin kwanaki, domin saurin hucewa ba ya ba da kiristal mai girman da za a iya aunawa. Likakken bututu mai zafi yana iya fashewa, saboda haka a sa shi cikin bututun ƙarfe a bayan kariya, kuma kada a buɗe shi sai ya huce sarai. A fasa shi a cikin akwatin safar hannu, a tsinci baƙaƙen kiristal daga cikin farin gishirin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a lulluɓe wanda aka zaɓa da busasshen mai kafin a kai shi na'urar eksire.